Kafin a yafe harajin obataim, a fara biyan obataim ɗin

1/
Jiya a gurup ɗinmu na WhatsApp wani ya turo labarin cewa Amurka ta cire wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana haraji a kan kuɗin obataim. Nan take aka hau "Allah Ya nuna mana irin wannan a Najeriya." Na ce a'a, ku tsaya tukuna. Maganar tana da tsawo, kuma ta shafe mu mutanen Bagega fiye da yadda kuke zato. Ku gyara zama.

2/
Ga matsayata tun farko, don wanda datarsa ba za ta kai shi ƙarshe ba: ina goyon bayan a yafe wa ɗan sanda da ɗan kwana-kwana harajin ƙarin sa'o'in da suke yi. Amma ba a yafe haraji a kan kuɗin da ba a biya ba. A fara ƙirga sa'o'in, a biya, alat ya shigo waya, sannan a zo maganar yafiya.

3/
Mu fara da na Amurkan, don yawancin masu tura labarin kanun kawai suka karanta. Ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji. A cikinta akwai rangwame a kan kuɗin obataim, daga shekarar 2025 zuwa 2028. Shekara huɗu ne kawai, ba har abada ba.

4/
Kuma ba don 'yan sanda kaɗai aka yi ba. Duk ma'aikacin da dokar ƙwadago ta tarayya ta ce a biya shi obataim yana ciki. Sunan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ya fi fitowa ne saboda suna cikin waɗanda suka fi kowa tara ƙarin sa'o'i, kuma 'yan siyasa sun fi son ɗaukar hoto da su.

5/
Ga inda mutane ke ruɗewa. A can, sa'ar obataim ana biyan ta ɗaya da rabi. In sa'arka dala 20 ce, ta obataim dala 30 ce. To rangwamen bai taɓa dala 20 ɗin ba. Dala 10 ɗin da aka ɗora a sama ita kaɗai ake cirewa daga lissafin harajin kuɗin shiga. Wato rabin nan kawai.

6/
Akwai kuma iyaka: dala 12,500 a shekara ga mutum ɗaya, 25,000 ga miji da mata da suka haɗa lissafi. In abin da kake samu ya haura dala 150,000 a shekara, rangwamen ya fara raguwa. Kuɗin da ake cirewa na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi kuwa suna nan daram. To kun ga "babu haraji" ɗin taken kamfe ne, dokar ta fi shi ƙunci.

7/
Duk da haka yana aiki, kuma dalili ɗaya ne ya sa: akwai lissafi a ƙasa. Dokar ƙwadagonsu ta 1938 ita ce tushe, kuma ƙa'idojinta sun ware wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana nasu ma'auni. Ɗan sanda in ya wuce sa'a 171 cikin kwana 28, obataim ya fara. Ɗan kwana-kwana kuma sa'a 212. Ana rubutawa, ana sa hannu, in ba a biya ba a tafi kotu.

8/
Yanzu mu dawo gida. Na tura wa wani ɗan uwanmu da ke sanye da kaki labarin nan, na ce yallaɓai ga abin da takwarorinku suka samu. Ya turo min dariya, ya ce: "Wane obataim? Mu aiki ba ya tashi, balle a ce an wuce lokaci." Wannan amsar ita ce ta sa na zauna rubuta duk wannan.

9/
Ku yi lissafi da ni. Jami'in da aka turo ƙauye irin namu, a ce sa'a 12 kawai yake yi kullum ba hutu. Cikin kwana 28 ya yi sa'a 336 ke nan. A ma'aunin Amurka ya wuce da sa'a 165, kusan ninki biyu. Kuma duk wanda ya san hanyar Anka zuwa Bagega ya san sa'a 12 ragi na yi. Wanda ke kwana da takalmi a ƙafa, yaushe ya tashi aiki?

10/
Dokar ƙwadagon Najeriya ta ambaci obataim, amma ba ta yanke nawa za a biya ba, ta bar wa yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki. Kuma ita kanta dokar ba ta hau kan sojoji da 'yan sanda ba. Abin da ɗan sanda ke da shi alawus ne na karɓa-karɓar aiki, wanda ba ya duba sa'a nawa ka yi a zahiri.

11/
Ma'ana, wanda ke zaune ofis a birni ƙarƙashin fanka yana tashi da la'asar, da wanda ke kwance cikin rami a bakin daji, in muƙaminsu ɗaya, tsarin albashinsu ɗaya ne. To wa zai so a turo shi Bagega? Wa zai ƙi neman hanya a mayar da shi birni? Kai da kake karantawa, in kai ne fa?

12/
Kuma ɗan sanda ba shi da bakin kuka. Doka ta hana shi shiga ƙungiyar ƙwadago. Malami yana da NUT, likita yana da NMA, shi kuwa in ya ajiye aiki sunan abin tawaye. An taɓa yi a 2002 zamanin Obasanjo, ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, kuma ba a jima ba aka sauya Sufeto Janar Musiliu Smith.

13/
Abin da da yawa ba su sani ba: an taɓa yin irin wannan rangwame a nan Najeriya. A Disamba 2021, bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, majalisar zartarwa ta tarayya zamanin Buhari ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari ga 'yan sanda, tare da yafe wa ƙananan jami'ai haraji na kimanin naira biliyan 18.6. Ministan 'yan sanda na lokacin, Maigari Dingyadi, shi ya sanar.

14/
Aka yi murna, jaridu suka buga. An ce ƙarin zai fara daga Janairu 2022. Sai ga shi zuwa Maris 2022 ana ta raɗe-raɗin ƙananan 'yan sanda za su tafi yajin aiki saboda ba su gani a ƙasa ba, har shugabannin rundunar suka fito suna gargaɗi. Kun ga tazarar da ke tsakanin "an amince" da "ya shigo"?

15/
Mu mutanen Bagega ba sai an koya mana wannan darasi ba. Da jinin yaranmu muka koya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Abare, Dareta, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yargalma, Tungar Guru. Yara sama da 400 suka rasu a jihar. Aka share sauran ƙauyuka, Bagega da ta fi su girma aka bar ta tana jira.

16/
A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin. Likitocin MSF suna nan a shirye, amma ba za su iya ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, don in an yi magani yaro ya koma wasa cikin ƙasar, aikin banza ne. Yara kusan 1,500 suna jira, kuɗi kuwa suna kan takarda.

17/
Me ya fito da kuɗin? Matasa ne irinku da waya a hannu. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money suka ɗaga #SaveBagega, aka dame Abuja, sai a farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara share gari, aka fara ba yara magani. Ba sabon alkawari suka nema ba. Tsohon suka bi sawu har ya iso.

18/
Shi ya sa in na ji "za a yafe," "an amince," "an ware," kunnena ba ya motsi. Tambayata uku ce kullum: an rubuta a doka? An saki kuɗin? Ya isa hannun mai shi? In ɗaya ta faɗi a cikin ukun nan, romon baka ne.

19/
To mu duba dokar da ke aiki yanzu. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Haka yake hawa har kashi 25 ga wanda ya haura miliyan 50.

20/
Misali ne zan bayar, ba albashin kowa ba. A ce bayan an cire fansho da sauran abin da doka ta yarda a cire, abin da ya rage wa ma'aikaci miliyan 1.2 ne a shekara. A cire 800,000, saura 400,000. Kashi 15 ɗinsa 60,000. Wato naira 5,000 a wata. Duk harajinsa ke nan.

21/
Yanzu a ce an fara biyan sa 30,000 a wata na ƙarin sa'o'i. Harajin da zai hau kai 4,500 ne. In an biya ba a yafe ba, ya tafi gida da 25,500. In an biya an yafe, 30,000. In an yafe ba a biya ba? Sifili. Kashi 15 na babu, babu ne.

22/
Kun ga inda kitsen yake? Kashi 85 na amfanin yana cikin biyan, kashi 15 ne kawai cikin yafiyar. Ɗan siyasar da ya zo yana maganar yafe haraji bai ce uffan kan biya ba, ya ba ka ƙashi ya riƙe naman. Kuma zaɓen 2027 na tafe, za ku ji irin waɗannan alkawura buhu-buhu.

23/
Ba wai na raina 4,500 ba fa. Ga mai iyali kuɗin mota ne, ko kwanon hatsi, ko maganin zazzaɓin yaro. Kuma akwai abin da ya fi kuɗin: mutunci. Ƙasa ta ce maka, daren da ka hana idonka barci dominmu, ba za mu ɗauki ko kwabo a ciki ba. Wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa nake goyon baya. Amma a jere take, ita ce ta uku.

24/
Wani abu kuma: sabuwar dokar ta cire albashin sojoji daga haraji. Ban ƙi ba, wallahi sun cancanta, mun ga gawarwakinsu a dazukan nan. Amma a shinge ɗaya za ka ga soja da mopol, rana ɗaya ke dukan su, harsashi ɗaya ke neman su. Ɗaya nasa na rubuce cikin doka, ɗaya kuma sai dai sanarwar minista.

25/
Haka aka yi a fansho. Tun 2011 aka fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin fansho na karo-karo, aka bar 'yan sanda a ciki. A Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fita zanga-zanga a Abuja, dattawa masu furfura a bakin majalisa. Matashin kurtu yana kallon wannan a wayarsa, ya san gobensa yake kallo.

26/
Na san abin da wasu ke shirin rubuto min: "Malam, mutanen da ke karɓar na goro a hanya za ka nema wa ƙari?" Ban musa ba. Duk direban da ke lodi daga Gummi zuwa Gusau zai ba ka labari. Kuma talauci ba hujjar zalunci ba ne, akwai masu ƙaramin albashi da ba su taɓa miƙa hannu ba. Allah Ya saka musu.

27/
Amma ku duba ta nan. Wannan na goron shi ma haraji ne, mu ke biya, ba rasit. Direba ya biya, ya ɗora a kuɗin mota, mai kaya ya ɗora a kan mudu, ya dawo kan uwar da ke awo a kasuwar Bagega. Tun da dole sai mun biya, gara mu biya ta asusun gwamnati inda za a iya tambaya, da mu biya ta tagar mota.

28/
Kuma hukunci yana yin kaifi ne in an sauke haƙƙi. Wanda ka biya shi cikakke ka kama shi da hannu dumu-dumu, ka kore shi ba mai tausaya masa. Wanda ka bari da yunwa kuwa, shi kansa ogan da zai hukunta shi ya san gaskiya, sai a rufe ido. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an ba da ladan tukuna.

29/
Akwai haraji na uku da ba na son ambata, amma dole. Wanda 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi noma, kafin a yi girbi. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san shi. Wannan ba shi da rangwame, ba shi da 800,000 na farko. Kuma yana ƙaruwa ne daidai inda jami'in gwamnati ya yi ƙaranci ko ya gaji.

30/
Ku tuna farkon Janairu 2022, kwanakin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58, mazauna suka ce sun kai 200. Ko wanne ka ɗauka, rayuka ne. To maganar alawus ɗin wanda zai tsaya a bakin gari da dare ba maganar 'yan boko ba ce. Maganar ko za a kwana gida ce ko za a kwana daji.

31/
Yanzu 'yan kwana-kwana, waɗanda kullum ake mantawa da su sai wuta ta tashi. Mu nan gaskiya motar kashe gobararmu bokiti ne da ƙasa da ihun maƙwabta. In rumbu ya kama cikin hunturu, iska na kaɗawa, kafin a ce kwabo noman shekara ya zama toka. Kafin mota ta taso daga nesa ta iso, ihu bayan hari ne.

32/
Fabrairu 2025, Ƙauran Namoda: gobara ta tashi cikin dare a makarantar allo, almajirai aƙalla 17 suka rasu. Cikin dare fa. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu 2021, ta Katsina a Maris 2021, Sabon Garin Kano a 2016. Wuta ba ta san lokacin tashi daga ofis ba. Aikin kwana-kwana kusan dukansa jiran dare ne.

33/
Kuma ba wuta kaɗai ba. Yaro ya faɗa rijiya, su ake kira. Mota ta kife, su. Ramin haƙar zinari ya rufta da mutane, aikin ceto ne da ke buƙatar horo da kayan aiki, ba hannu da shebur ba. Ambaliya irin wadda ta ci Gummi a Agusta 2024, nan ma ana buƙatar su. Yankin da ke da ramuka da koguna irin namu ya fi kowa buƙatar masu ceto.

34/
Saboda haka a ɓangarensu jerin ya ma fi tsawo: a kawo tasha kusa, a sa mota mai lafiya, a sa mata mai, a samar da ruwa, a ɗauki ma'aikata isassu, a biya su na dare, sannan a yafe harajin. Ma'aikaci ba mota, ko ka yafe masa harajin duniya kallo zai yi tare da mu.

35/
To wa ke da ikon yin me? Nan ne ake yawan barin jaki ana dukan taiki. Harajin albashin ɗan sanda hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Ba ya shiga asusun Zamfara. Don haka ko gwamna ya so, ba shi da abin da zai yafe a nan. Wannan aikin majalisar tarayya ne.

36/
Ma'aikacin kwana-kwana na jiha kuwa, harajinsa Gusau yake zuwa. Jiha ba za ta iya sauya dokar tarayya ba, amma tana iya ƙara alawus ɗin dare yadda bayan an cire haraji zai tashi cif. Daga aljihun dama ne zuwa na hagu, tun da ita ke biya ita ke karɓa. Wannan ba ya buƙatar jiran Abuja, kasafin jiha ya isa.

37/
Kar mu manta da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairu 2024, mutum sama da dubu biyu. 'Ya'yanmu ne, ƙannenmu ne, su suka san daji. Duk tsarin da za a yi na kuɗin dare da na haɗari, in bai haɗa da su ba, an bar waɗanda ke gaba-gaba a baya.

38/
Wani zai ce: malaman asibiti fa? Ungozomar da ke kwana da mai naƙuda fa? Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ware wasu a yafe musu. In ka buɗe ƙofa ga ɗaya, kowa zai zo da nasa uzuri. Amsata: a ɗaura rangwamen a kan irin aikin, ba a kan launin kaki ba. Aikin dare na ceton rai a wuri mai haɗari, ko wa ke yi.

39/
Wani haɗarin: ƙarya. Ƙasar da ake samun ma'aikatan bogi, sa'o'in bogi ba za su yi wuya ba. Oga ya rubuta wa yaronsa sa'a 300 yana kwance gida, na daji ya tashi a tutar babu. In ba a toshe wannan ba, kuɗin zai ƙare a birni kamar yadda komai ke ƙarewa.

40/
Shi ya sa ni a wurare irin namu na fi son a ƙirga kwana maimakon sa'a. Kwana nawa ka yi a Bagega ko Gwashi ko wani bakin daji? Wannan ba ya ɓoyuwa, gari duka ya san wanda ke nan da wanda ba ya nan. A sa farashi a kan kowane dare, a tura kai tsaye asusun jami'i, kar ya bi ta hannun kowa.

41/
A sa masa layinsa daban a takardar albashi: kwana kaza, naira kaza, haraji sifili. Abin da ke da layinsa ana iya ganin ranar da ya ɓace. Abin da aka cusa cikin jimla kuwa, ko an zaftare ba mai sani. A kuma sa iyaka a sama kamar yadda Amurka ta yi, don kar manya su mayar da rabin albashinsu "alawus" su tsere wa haraji.

42/
Gargaɗi ɗaya daga Faransa. Sarkozy ya cire haraji a kan obataim a 2007, Hollande ya soke a 2012, Macron ya dawo da shi a 2019. Amma a ƙarshen 2018 'yan sandan Faransa suna ta ƙorafi saboda miliyoyin sa'o'in obataim da suka tara ba a biya su ba. Ƙasa mai arziki ke nan. Bambancinsu da mu, su an rubuta bashin, ana iya bin sa.

43/
Kuma kar obataim ya zama hujjar ƙin ɗaukar ma'aikata. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, ga bindiga a hannu, haɗari ne ga kansa da gare mu. Kuɗi ba ya maye barci. 'Yan sanda ba su kai dubu 400 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. In gwamnati ta fara biyan kowane ƙarin dare, ita da kanta za ta ga ɗaukar sababbi ya fi mata araha.

44/
"Ina za a samu kuɗin?" Tambaya ce mai kyau. A 2019 an kafa dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, don horo da kayan aiki da walwala. A Nuwamba 2025 shugaban ƙasa ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane. To wanda aka ɗauke daga riƙe wa madam jaka aka turo shi daji, da me za a riƙe shi a can? In ba a sa kuɗi ba, zai nemi hanyar komawa.

45/
Ga abin da nake roƙon ku, musamman 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum. Muna da sanatan Zamfara ta Yamma, da ɗan majalisar wakilai na Anka da Talata Mafara, da na Gummi da Bukkuyum, da 'yan majalisar jiha. Duk suna da shafuka, duk za su zo neman ƙuri'a. Kar ku zage su. Ku tambaye su, ku ajiye hoton amsar.

46/
Tambayoyin:
Nawa ake biyan jami'in da ya kwana a bakin daji, a kowane dare?
Ta asusunsa yake shiga ko ta hannu?
Za ku kai ƙudurin da zai sa 'yan sanda da masu aikin ceto cikin dokar haraji kamar sojoji?
Nawa aka ware wa kwana-kwana a kasafin jiha, nawa aka saki?
Wace tasha ce mafi kusa da Bagega mai mota da ruwa?

47/
In kana da ɗan uwa mai kaki, kar ka saka sunansa ko hotonsa ko inda yake aiki a nan, kar ka ja masa. Su doka ta ɗaure bakinsu, mu ba ta ɗaure namu ba. Mu ne za mu yi tambayar a madadinsu, don mu ne ke kwana da fargaba in sun gaji sun bar shinge.

48/
#SaveBagega ta nuna waya na iya fito da kuɗi daga Abuja, in an dage a kan abu ɗaya an bi shi har ƙasa. Wannan karon abu ɗayan shi ne kuɗin dare: a ƙirga, a biya, sannan a yafe harajin. Wanda ya zo muku da na ukun kaɗai, ku ce masa ina na ɗaya da na biyu.

49/
Wanda ke da gyara a lissafina ya kawo, zan karɓa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, da yaranmu da dalma ta ɗauke, da almajiran Ƙaura. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a Zamfara. Ku tura wa ɗan majalisarku.